BABI NA UKU: FASAHA DA FALSAFA A KOKAWAR ƘASAR ZURU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ƙasar Zuru da ƙabilun da ke zaune a cikinta da kuma sana'o'insu. Wannan babi kuwa zai dubi kokawa ne ta fuskar fasahar da ke cikinta da kuma tunanin da al'umma ta gina ta a kansa. Dalilin yin haka shi ne, masu kallo da yawa sun ɗauka kokawa aikin ƙarfi ce zalla, wato duk wanda ya fi ƙwanji shi ke da nasara. Da haka abin yake, da babu bukatar shiga fage, sai dai a auna samari a kan sikeli a sallami kowa. Domin a ƙara fito da bayani fili, za a kwatanta kokawar da wani wasa na ƙasar Sin mai suna Taici, wanda ya faro a matsayin dabarar faɗa, amma masu shi suka rubuta falsafarsa har duniya ta san shi da ita.

3.1 Matsayin Kokawa a Rayuwar Mutanen Zuru

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba. Ƙabilar da ta fi yawa ita ce Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuma shi ne C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa da Gelawa, ga Hausawa da Fulani. Harshen Hausa shi ne na kasuwa da hulɗa tsakanin waɗannan ƙabilu.

Ƙasar Zuru ƙasa ce ta duwatsu, kuma a kansu ne mutanen da suka gabata suka kafa garuruwansu domin kare kai daga hare-haren neman bayi, musamman a ƙarni na 19. Al'ummar da ke cikin irin wannan hali tana bukatar namiji mai iya noma da rana, ya kuma tsare gari idan ta ɓaci. Akwai ma ra'ayin da ke cewa sunan Dakarkari ya samo asali ne daga kalmar "dakaru", domin an ce su ne mayaƙan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi, a ƙarni na 16. Tun zamanin Turawa aka san yankin da yawan shiga aikin soja. Daga cikin manyan sojojin da ya fitar akwai Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Sami Gomo na Biyu, Sarkin Zuru, wanda ya rasu a 2025.

A al'adar Lelna ta gargajiya, kokawa mataki ce a tarbiyyar ɗa namiji. Yaro yakan fara ta da sa'o'insa, ya ci gaba da ita a lokacin samartaka. Matakin da ke haɗe da ita shi ne golmo, wato aikin gona da saurayi yake yi wa iyayen yarinyar da zai aura, tare da ƙungiyar abokansa, wanda yakan kai shekara bakwai. Bikin Uhola, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, wajen watan Disamba ko Janairu, shi ne babban dandalin da ake godiya a kan kaka, a fito da waɗanda suka kammala golmo, a yi raye-raye da kokawa. Rubuce-rubucen da aka yi a kan wannan al'umma tun da daɗewa, kamar na Harris a 1938 da na Gunn da Conant a 1960, sun nuna yadda kokawa da noma da aure suke a sarƙe da juna. Ke nan duk wanda zai yi nazarin kokawar Zuru dole ya riƙa tunawa da gona da gidan surukai.

3.2 Fasahar Kokawa

Fasaha a nan tana nufin gwanintar sarrafa abu ta yadda zai biya bukata, ya kuma ƙayatar. Abin da ɗan kokawa yake sarrafawa shi ne jikinsa da jikin abokin karawarsa. Ana iya kasa wannan fasaha gida huɗu.

3.2.1 Tsayuwa

A kokawa ba a duka, ba a naushi. Nasara ita ce a raba mutum da ƙafafunsa, har bayansa ko gefensa ko mazaunansa su taɓa ƙasa, a wasu wurare ma gwiwa ko hannu ya isa. Saboda haka abu na farko da ake koyo shi ne tsayuwa. Ɗan kokawa yakan buɗe ƙafafu, ya ɗan sa ɗaya gaba, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sunkuyar da ƙugu. Hikimar wannan ita ce, nauyin jikin mutum yana taruwa ne a wajen ƙasan cibiya. Muddin wannan matattarar nauyi tana bisa filin da ke tsakanin tafin ƙafafu biyu, mutum ba zai faɗi ba. Da zarar ta fita daga wannan fili, to faɗuwa ta zama dole, kome girman mutum. Buɗe ƙafafu yana faɗaɗa filin, sunkuyawa kuma tana kusantar da nauyin ga ƙasa. Duk wata dabara ta kokawa, walau taɗiya ce ko kama ƙafa ko rungumar ƙugu ko sungumar mutum sama, manufarta ɗaya ce, wato a fitar da nauyin abokin karawa daga wannan fili.

Manomin da ya saba yini a duƙe da galma ya riga ya samu rabin wannan horo. Cinyoyinsa da gadon bayansa sun saba da ɗaukar nauyi a sunkuye. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake yawan samun gwanin kokawa ya zama gwanin noma.

3.2.2 Kamu

Kafin a haɗu, 'yan kokawa biyu sukan ɗauki lokaci suna zagaya juna, kowa yana miƙa hannu yana janyewa. Mai kallon da bai san wasan ba zai ɗauka tsoro ne ko ɓata lokaci, alhali kuwa aune ne. Kowannensu yana neman ya gane ƙafar da abokinsa ya dogara a kanta, da gefen da yake da rauni. Bayan an yi kamu, ido ba ya sauran amfani sosai, domin kawuna sun haɗu, kowa ƙasa yake kallo. A nan hannu da kafaɗa da wuya su ke ba da labari. Kafin mutum ya tura ko ya ja, sai tsokar jikinsa ta ɗaure, numfashinsa ya sauya. Gwani yakan ji wannan tun bai auku ba. Idan aka turo shi sai ya goce ya ja, idan aka ja shi sai ya bi ya tura, ya haɗa da taɗiya. Ta haka ƙarfin da abokin karawa ya zuba shi ne zai kai shi ƙasa. Wannan ne ya sa ake ganin ƙaramin mutum ya kada wanda ya ninka shi, fage ya ruɗe da guɗa.

3.2.3 Kiɗa da Kirari da Ado

Ba a kokawa shiru. Kiɗa ke buɗe fage, shi ke kuma saita takun ɗan wasa. Shigowar ɗan kokawa ita kanta rawa ce, domin yakan taka a hankali, ya buɗe ƙirji, ya zagaya yana nuna kansa ga jama'a. A adabin baka na Hausa ana sa waƙoƙin kokawa cikin rukunin waƙoƙin maza, tare da na dambe da tauri da farauta da noma. Makaɗi yana ambaton iyayen ɗan wasa da garinsu da waɗanda ya taɓa kadawa, shi kuma ya mayar da kirari. Aikin wannan ga ɗan wasa biyu ne. Yana zuga shi, yana kuma tuna masa cewa sunan gidansu ne ya ɗauko. Ado kuma, kamar walki ko bante da guraye da layu da kambuna, yana da nasa matsayi. Wasu don ƙawa ake sa su, wasu kuma don imanin cewa suna ba da kariya.

3.2.4 Tukwanen Kabari

Wata fasahar da ta danganci kokawa, wadda kuma ta keɓanta da wannan yanki, ita ce ta tukwanen kabari. A gargajiyance mata ne na wasu gidaje suke gina su da yumɓu, a ɗora siffar mutum ko ta dabba a bisa tukunyar da aka kife, a ajiye a kan kabarin wanda ya yi fice. Fitzgerald ya yi rubutu a kansu a 1944, Bassing kuma a 1973. Daga cikin waɗanda ake yi wa wannan karramawa akwai shugabanni da manyan manoma da mafarauta da gwanayen kokawa. Abin lura shi ne, al'umma ba ta sa abu a kan kabari sai wanda take so a tuna mutum da shi. Sa ɗan kokawa a wannan sahu ya nuna ba a ɗauki kokawa wasan yara ba.

3.3 Falsafar Kokawa

Falsafa a nan tana nufin tunanin al'umma game da yadda ya kamata mutum ya rayu. Mutanen Zuru ba su rubuta tasu a littafi ba, sun ajiye ta ne a cikin al'adu. Za a yi amfani da karin maganar Hausa wajen bayani saboda Hausa ce harshen wannan kundi, ba don a ce al'adar Lelna da ta Hausawa abu ɗaya ba ne.

Abu na farko shi ne haƙuri. Mai gaggawa a fage shi ke fara ɗaga ƙafa, wanda ya ɗaga ƙafa kuwa ya rage filin tsayuwarsa. Haka mai fushi, domin fushi yana ɗaure jiki, jikin da ya ɗaure kuma ba ya jin motsin abokin karawa. Saurayin da ya koyi jira a fage shi ne zai iya jure shekarun golmo. Iyayen yarinya suna duba ƙarfinsa a gona, amma sun fi duba ko zai iya daurewa da wahala da umurnin manya ba tare da ya yi tsaki ba. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Abu na biyu shi ne sassauci. An nuna a baya cewa gwani ba ya tarar ƙarfi da ƙarfi. Yakan ba da hanya, sa'an nan ya juya abin. Karin maganar da ke cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne ta dace da wannan, haka ma wadda ke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Darasin ya wuce fage, domin mai gida da ke son riƙe iyali, ko shugaban da ke son riƙe jama'a, dole ya san inda zai tsaya da inda zai sassauta.

Abu na uku shi ne karɓar kaye. Kokawa tana ƙarewa ne da zarar an taɓa ƙasa, ba a bin wanda ya faɗi da wani abu. Yakan tashi ya kaɗe jiki, gobe kuma ya koma gona tare da wanda ya kada shi. Babu kuma gwanin da ba a taɓa kadawa ba, domin gaba da gabanta. Ta wannan hanya samari da unguwanni suna gwada fifiko ba tare da an zubar da jini ba, abin da ke da muhimmanci ga mutanen da suke bukatar juna ranar yaƙi.

Abu na huɗu shi ne cewa mutum na jama'a ne. Ɗan kokawa yana wakiltar gida da unguwa, nasararsa tasu ce, kunyarsa ma tasu ce. A 1974 Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya kawo halaye goma, ciki har da haƙuri da hankali da ladabi da kunya da mutunci. Waɗannan biyar duk ana gwada su a fagen kokawa a gaban idon kowa.

3.4 Kwatanci da Wasan Taici na Ƙasar Sin

Mafi yawan masana tarihi suna danganta asalin Taici ga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, da wani tsohon soja mai suna Chen Wangting wanda ya rayu a ƙarni na 17. Daga baya Yang Luchan, wanda aka haifa a 1799 ya rasu a 1872, ya koyo shi a wannan ƙauye ya kai shi Beijin. Da tafiya ta yi tafiya sai aka sami manyan salailai biyar, kowane da sunan gidan da ya raine shi. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta tsara gajeren salo mai motsi 24, wanda ake gamawa cikin kamar minti shida, domin kowa ya iya koyo. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Sunan wasan ya fito ne daga tsohuwar falsafar Sinawa, wadda ke ganin kome na duniya yana tafiya ne bisa abubuwa biyu masu kishiyantar juna, kuma masu cika juna, wato yin da yang, kamar dare da rana, ko taushi da tauri. Masu bin tafarkin Dao sukan ba da misali da ruwa, wanda ba shi da tauri amma yana cin dutse a hankali. Ana yin wasan ne a natse, motsi yana shiga cikin motsi ba yankewa, numfashi yana tafiya tare da su. Sunayen motsin ma na hikima ne, kamar "farin gauraka ya buɗe fiffike" da "hannuwa kamar gajimare". Ban da wannan akwai horon mutum biyu da ake kira tura-hannu, inda suke haɗa hannuwa kowa yana neman gusar da ɗan'uwansa daga tsayuwarsa.

Idan aka dubi wasannin biyu za a ga sun yi tarayya a abubuwa uku. Na farko, dukkansu sun ɗora kome a kan tsayuwa. Masu Taici suna kwatanta ta da saiwar itace, suna kuma cewa motsi daga ƙugu da ƙasan cibiya yake tasowa. Na biyu, abin da ɗan kokawa yake yi bayan kamu shi ne masu tura-hannu suke kira sauraro, wato jin niyyar mutum ta hanyar taɓa jikinsa. Na uku, dukkansu sun yarda ƙaramin ƙarfi yana iya karkatar da babba idan an san lokaci da gefe.

Bambance-bambancen su ma uku ne. Taici ya fi karkata ga natsuwar mutum shi kaɗai, cikin shiru, kokawa kuwa ta taron jama'a ce da kiɗa da guɗa. Kokawa ta samari ce, ana barin ta idan girma ya zo, amma Taici har tsofaffi suna yi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, a kan mutum 195 masu cutar Parkinson, ya nuna yana taimaka wa daidaiton tsayuwa. Bambanci na uku, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne na adanawa. Sinawa sun rubuta ƙa'idojin wasansu da sunayen motsinsa da salsalar malamansa. Ilmin kokawar Zuru kuwa a jikin mutane da bakinsu yake, idan gwani ya mutu yakan tafi da wani kaso nasa.

3.5 Halin da Kokawa Take Ciki

Abubuwan da suka riƙe kokawa a da sun sassauta. Yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ta sa mutane da yawa sun bar al'adun da ke da alaƙa da addinin gargajiya, ciki har da tukwanen kabari. Makarantar boko da aikin albashi sun ɗauke samari daga gona, a gidaje da dama kuma kuɗi ya maye gurbin golmo. Ƙari a kan haka, hare-haren 'yan bindiga da suka yi tsanani a yankunan Danko/Wasagu da Sakaba a farkon shekarun 2020 sun tayar da ƙauyuka, alhali ƙauye shi ne makarantar kokawa.

A ɗaya ɓangaren, kokawa ta sami sabon dandali na gasa. A Jamhuriyar Nijar ana gasar Takobin Ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Jihohi takwas ke shiga, kowace da 'yan kokawa goma. A Jihar Kebbi ma kokawa na cikin wasannin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta a 2016. Irin wannan gasa tana raya wasan, tana kuma ba matasa abin yi. Sai dai idan kyautar kuɗi ta zama ita ce manufa, to tsayuwa da kamu za su wanzu, amma haƙuri da karɓar kaye da wakilcin gida suna iya zubewa a hanya. Abin da misalin Taici ya koyar shi ne, ana iya sauƙaƙa wasa a kai shi makarantu ba tare da an yar da ma'anarsa ba, muddin an rubuta ma'anar. Saboda haka akwai bukatar a tattara sunayen dabarun kokawa da harshen C'lela da sauran harsunan yankin, da waƙoƙi da kirari da tarihin gwanaye, tun dattawan da suka yi golmo suna raye.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa kokawa a ƙasar Zuru tana da fasaha ta tsayuwa da kamu da kiɗa da ado, har da ginin tukwanen kabari. An kuma fito da ginshiƙan falsafarta guda huɗu, wato haƙuri da sassauci da karɓar kaye da zama na jama'a. Kwatancin da aka yi da Taici ya nuna al'ummu biyu masu nisa da juna sun gano hikima ɗaya game da jikin ɗan Adam, sai dai ɗaya ta rubuta tata, ɗayar kuma ta dogara ga baki da aiki. Babi na gaba zai dubi waƙoƙi da kirarin 'yan kokawa ta fuskar jigo da salo.